Calais, 2000: ƴan ƙwallon bayan tashi daga aiki da suka kai wasan ƙarshe na kofin Faransa

Ranar lahadi 7 ga watan Mayu na shekarar 2000, da dare, mutum sama da dubu 78 suka cika filin wasa na Stade de France, a gefen birnin Paris, wurin da Faransa ta ɗauki kofin duniya a 1998. Shugaban ƙasa Jacques Chirac na zaune a rumfar manyan baƙi. Wasan ƙarshe ne na kofin Faransa. A gefe guda ga ƙungiyar Nantes, mai riƙe da kofin, wadda ƴan wasanta ba su da wata sana'a sai ƙwallo. A ɗaya gefen kuma ga samari sha ɗaya daga garin Calais, galibinsu ma'aikata ne da ba su ganin ƙwallo sai da marece, in an tashi daga aiki. Jama'ar da ke cikin filin a wannan dare ta ɗara yawan mutanen garin nasu gaba ɗaya, don kuwa ƙidayar 1999 ta ba Calais mutum dubu 77 da ƴan kai.

Calais gari ne na bakin teku a can arewacin Faransa, yana fuskantar Ingila. Tashar jiragen ruwa ce, kuma an san shi tun da daɗewa da saƙar leshi. To amma a ƙarshen shekarun 1990 masaƙun sun ja baya, rashin aikin yi ya yi wa garin katutu, har ya zama in an ambaci sunansa a jarida, da wuya a ji labari mai daɗi. Ƙungiyar ƙwallon garin, Calais Racing Union Football Club, an kafa ta a 1974 bayan da aka haɗe wasu tsofaffin ƙungiyoyi biyu. A 2000 tana wasa a rukuni na huɗu, wanda a lokacin ake kira CFA. Kada ɗan kasuwa ya zabura, ba sefar aljihu ake nufi ba: sunan gasar ƴan sha'awa ce ta Faransa, wato waɗanda ba da ƙwallo suke cin abinci ba.

Su wa ke cikin rigunan

Mai horar da su, Ladislas Lozano, haifaffen ƙasar Sifen ne, ya girma a Faransa, kuma ma'aikacin magajin gari ne. Kyaftin ɗinsu, Réginald Becque, aikinsa tallar hajar wani kamfani. A cikin sauran akwai malamin lakkol, akwai mai jidar kaya a mangaza, akwai masu kula da matasan unguwa, akwai ɗalibai. Ana ɗan ba su na goro idan sun ci wasa, amma ba abin da zai riƙe gida ba ne. Wanda bai je aiki da safe ba, tukunyarsa ba ta hawa murhu.

Jaridun lokacin sun so ƙwarai su nuna su tamkar wasu abokai da suka tsinci ƙwallo a bakin hanya. Zancen bai kai haka ba. Wasunsu sun ratsa ta makarantun horar da ƴan wasa na manyan ƙungiyoyi tun suna yara, aka riƙe su shekaru, sa'an nan aka sallame su da cewa ba su kai ba. Mai tsaron gida Cédric Schille a Metz ya koyi sana'ar, ɗan gaba Jérôme Dutitre kuma a Strasbourg. Ashe ke nan ƙafar akwai ta, abin da suka rasa shi ne wanda zai amince da su. Da suka dawo gida suka kama aiki, sai ƙwallo ta koma musu abin da take tun farko: wurin haɗuwa da abokai.

A nan ne ƙarfinsu yake. Lozano ya karɓi ƙungiyar tun 1995, ya shekara biyar yana gina ta a hankali, ba a sayo wannan yau a sayar da wancan gobe. Mutanen da ke fitowa daga aiki a gajiye, su haɗu cikin sanyin arewa da iskar teku su yi gudu tare, ba don albashi ba, sun san juna sanin da kuɗi ba ya saye. Ɗan baya ya san lokacin da numfashin abokinsa ke ƙarewa, ya san kuma dalili, don ya san aikin da ya wuni yana yi. Duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar unguwa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, inda ake karo-karo a sayi ƙwallo, a roƙi wani alhaji ya ɗauki nauyin riguna, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Bambancin kawai shi ne, a Faransa an bar wa irin waɗannan ƙungiyoyi ƙofa a buɗe.

Ƙofar ita ce kofin Faransa. An ƙirƙiro shi a 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, kuma tun daga nan ƙa'idarsa ba ta sake ba: kowace ƙungiya mai rajista na iya shiga, daga ta ƙauye har zuwa zakaran ƙasa. Dubban ƙungiyoyi ke farawa kowace shekara. Wasa ɗaya ake yi, ba gida da waje, wanda aka ci ya koma gida. Ƙananan su ke soma fafatawa tun farkon kaka, manyan rukuni na ɗaya kuwa ba su shigowa sai saura ƙungiyoyi 64. Wannan tsari shi ke sa a wasu lokuta ɗan hakin da aka raina ya tsone ido, amma bisa al'ada sau ɗaya yake tsonewa, a wasa na gaba a share shi.

Daga Lille zuwa Bordeaux

Calais ta fara da maƙwabtanta, ƙananan ƙungiyoyin yankin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta lallasa Dunkerque da ci 4 da nema. Ba wanda ya kula. A watan Janairu na 2000 ƙuri'a ta haɗa ta da Lille, wadda ke jan ragamar rukuni na biyu a wannan shekara. Aka tashi kunnen doki, 1 da 1, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Calais ta wuce da 7 da 6. Ta kawar da Langon-Castets da 3 da nema. Sai Cannes, ita ma ta rukuni na biyu: ta zura wa Calais ƙwallo cikin ƙarin lokaci, ƴan kallo har sun fara neman hanyar fita, Christophe Hogard ya farke ana saura mintoci kaɗan. Bugun fenariti ya sake ba su nasara.

Daga nan filin garinsu ya yi musu kaɗan. Aka mai da wasanninsu filin Bollaert na garin Lens, mai cin mutum kusan dubu 40, jama'ar Calais suka riƙa yin ayari zuwa can. A watan Maris suka karɓi Strasbourg, ta rukuni na ɗaya. Strasbourg ta fara ci tun da wuri, amma kafin hutun rabin lokaci Calais ta rama ta ƙara, aka tashi 2 da 1.

Wasan da ya fi tsayawa a ran mutane shi ne na ranar laraba 12 ga Afrilu. Abokiyar karawar ita ce Bordeaux, zakaran Faransa na 1999, da su Christophe Dugarry wanda ya ɗauki kofin duniya, da Johan Micoud, da Lilian Laslandes. Minti 90 ba wanda ya ga ragar wani. Hankali ya ce a ƙarin lokaci masu wuni a wurin aiki su za su fara faɗuwa, tun da abokan karawarsu ba su da aiki sai horo da hutu da likitoci. Sai aka ga akasin haka. Cédric Jandau ya ci wa Calais, Laslandes ya farke, kowa ya ce to, yanzu kam an zo ƙarshen wargi. Mathieu Millien ya ƙara ta biyu, Mickaël Gérard ya rufe da ta uku. 3 da 1. A daren nan dubban mutane suka hana idonsu barci suna jiran dawowar ƴan wasan a gaban ma'aikatar magajin gari. Shi kuwa Lozano, abin ya fi ƙarfin jikinsa, ya yanke jiki, sai da aka kwantar da shi asibiti.

Ba a taɓa ganin ƙungiyar rukuni na huɗu a wasan ƙarshe ba kafin nan, ba a kuma sake gani ba. Nîmes a 1996, Amiens a 2001, Quevilly a 2012 da Les Herbiers a 2018 duk sun kai can, amma daga rukuni na uku suka fito.

Minti na 90

A daren 7 ga Mayu ma, Calais ce ta fara ci. A minti na 34 Dutitre ya tura ƙwallo ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gidan Nantes, Mickaël Landreau. Aka tafi hutu ƴan sha'awa na gaba. Da aka dawo, Antoine Sibierski ya farke ba da jimawa ba, aka ci gaba da gumurzu har lokaci ya kusa cika, kowa na shirin ƙarin lokaci, wanda Bordeaux ta riga ta ɗanɗana kuɗarta a cikinsa.

Sai a minti na ƙarshe ɗan gaban Nantes Alain Caveglia ya shiga da'irar gidan Calais, ɗan baya Fabrice Baron na manne da shi, ya zube ƙasa. Alƙalin wasa Claude Colombo ya nuna fenariti. An daɗe ana gardama a kan wannan busa: an taɓa shi, gaskiya ne, amma faɗuwar ta fi taɓin girma nesa ba kusa ba. Sibierski ya buga, Schille ya taɓa ƙwallon, ta kuɓuce masa ta faɗa raga. Nantes 2, Calais 1.

Abin da ya biyo baya shi ya sa har masu adawa da Nantes suka sassauta. Landreau, kyaftin ɗin Nantes, yaro ɗan shekara 20 a lokacin, ya je ya kamo Becque, suka hau matakala tare, suka ɗaga kofin hannu biyu-biyu. Hoton ya zagaya duniya. A 2018 Thiago Silva na Paris Saint-Germain ya maimaita irin wannan karamci ga kyaftin ɗin Les Herbiers. Kofin dai Nantes ta tafi da shi, kuma ba ƙaramar ƙungiya ba ce ta ci su: shekara guda bayan nan, a 2001, ita ce ta zama zakaran Faransa.

Bayan an watse

Ɗaukaka ta zo da kuɗi, kuɗi kuma suka zo da buri. Garin da ya ga ƴaƴansa a Stade de France bai ƙara yarda ya ga ƙungiyarsa tana wasa da ƙauyukan maƙwabta ba. A 2001 Calais ta hau rukuni na uku, matakin da ke dab da na masu cin abinci da ƙwallo. A shekarar ne kuma Lozano ya tafi Maroko ya karɓi Wydad ta Kasabalanka. Rukuni na uku yana son dogayen tafiye-tafiye daga wannan kusurwar ƙasa zuwa waccan, da horo da rana, da ƴan wasan da za a biya albashi. Malamin lakkol ba ya barin ajinsa ya bi mota kwana biyu. Aka fara kawo baƙi, ƴan gida suka fara raguwa, ƙungiyar ta faɗo a shekararta ta farko.

Ba za a ce ta mutu nan take ba. A 2006 ta sake kaiwa zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a kofin, kuma Nantes ɗin ce dai ta sake tare ta, da ci ɗaya mai ban haushi. A 2007 ta koma rukuni na uku. A 2008 aka buɗe mata sabon fili mai kujeru kimanin dubu 12, aka raɗa masa suna Stade de l'Épopée, don tunawa da gwagwarmayar 2000. Sai dai an ɗinka rigar ne daidai da burin, ba daidai da jikin mai sawa ba. Ƙungiyar ta sake faɗowa, bashi ya taru, hukumar DNCG mai binciken asusun ƙungiyoyin Faransa ta hana ta hawa fiye da sau ɗaya, alhali a fili ta ci wasanninta. Ƴan kasuwa sun san wannan ciwo: shago ya yi suna, mai shi ya kama babban wuri da bashi, ciniki kuwa bai ƙaru ba. Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan nasarar 2000, don akwai sakacin shugabanni da talaucin garin kansa. Amma abin da ya kai su Paris, wato mutanen gari ɗaya masu aikin yi da suka daɗe tare, shi ne abu na farko da aka saki da aka shiga neman girma.

A 2017 kotu ta rufe Calais Racing Union Football Club saboda bashi, shekara 17 bayan wasan ƙarshe, shekara 43 bayan kafa ta. Filin ya rage, ƙwallo ma ba ta bar garin ba. A 2023 wasu ƙungiyoyi biyu na garin suka haɗe suka ɗauki tsohon suna, Racing Club de Calais. A watan Disamba na 2024 ƙuri'ar kofin Faransa ta kawo musu Strasbourg har gida, a Stade de l'Épopée. Wannan karon Strasbourg ta ci 3 da nema.