Bolar Kayan Lantarki: Darasin Da Ke Cikin Agbogbloshie

Bisa ga ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, a cikin shekarar 2022 mutanen duniya sun zubar da tsofaffin kayan lantarki, watau su talabijin da firji da kwamfuta da wayar hannu, har tan miliyan 62, amma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani ɓangare na sauran yakan biyo jiragen ruwa zuwa ƙasashe masu tasowa da sunan kayan gwanjo, alhali kuwa da yawansu sun riga sun mutu.

Unguwar Agbogbloshie da ke Ankara, babban birnin Gana, ta yi ƙaurin suna a kan wannan al'amari. Shekara da shekaru samari, galibinsu 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar, suna farfasa injuna da guduma, suna ƙona wayoyi domin robar ta narke su tsince jan ƙarfen da ke ciki. Hayaƙin nan yana ɗauke da guba mai lahanta huhu, dalma da zaiba kuwa sukan shige ƙasa, ruwan sama ya kwashe su zuwa kogin Odaw. Dalma ita ce mafi sharri ga yara, domin tana dakushe ƙwaƙwalwa tun yaro yana ciki, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. A 2019 masu bincike sun sami guba mai yawan gaske a cikin ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, ga shi kuwa a lokacin kasuwar albasa tana maƙwabtaka da bolar.

Ba a rasa dokoki ba. Bayan da aka jibge dattin masana'antu daga Italiya a garin Koko na Nijeriya a 1988, an ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, da ta Bamako a 1991 wadda ta hana shigo da datti mai guba Afirka.

A watan Yuli na 2021 hukuma ta rushe filin Agbogbloshie, sai masu sana'ar suka watsu cikin unguwanni da aikinsu. Wannan ya nuna kora kaɗai ba magani ba ce. Wajibi ne ma'aikatan kwastan su tabbatar kaya suna aiki kafin su shigo, a kuma samar wa 'yan gwangwan injunan feɗe waya, domin muddin jan ƙarfe yana da kasuwa, mai neman abinci ba zai bar wuta ba sai an ba shi abin da ya fi ta.