Tafasa Ruwa Ba Ya Kashe Dalma

Kusan kowane gida an yarda cewa ruwa in ya tafasa ya zama lafiyayye. Maganar tana da gaskiya, amma rabi. Wuta tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot da na gudawa, domin su masu rai ne. Dalma da asenik da fuloraid da naitiret kuwa ba su da ran da za a kashe. Ruwan ne ke tashi ya zama tururi, su kuma su zauna a tukunya, har ma su ƙara kauri, kamar yadda gishiri ke fitowa idan miya ta ƙafe. Uwar da ta daɗe tana tafasa ruwa mai naitiret don haɗa wa jariri madara, ƙarfin gubar take ƙarawa ba tare da ta sani ba.

Shi naitiret ɗin ba daga nesa yake zuwa ba. Takin zamani da ruwan sama ya wanke daga gona, kashin dabbobi a turke, da masai ko shaddar da aka haƙa kusa da rijiya, su ne tushensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya. Babba yakan sha bai ji komai ba, amma jaririn da bai kai wata shida ba jininsa yakan kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓɓansa su yi shuɗi.

Sai zance na biyu, wanda na fi jin tsoronsa: wai ruwan rijiyar burtsatse, tunda daga ƙarƙashin dutse ya fito, garau kuma babu wari, to babu abin da ke cikinsa. Mutanen Tibiri ta jihar Maraɗi sun ga akasin haka. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiya mai zurfi, aka sha shekara da shekaru ana murna. Ashe ruwan yana ɗauke da fuloraid ninkin-ba-ninkin abin da jiki ke iya ɗauka, wanda iyakarsa miligiram 1.5 ce a lita. Kafin a farga, ɗaruruwan yara haƙoransu sun rine, ƙafafunsu sun lanƙwashe. Babu wanda ya zuba komai a rijiyar. Daga duwatsun da ruwan ya kwanta a cikinsu sinadarin ya narke. Haka ta faru a Bangaladesh da asenik: tun daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin famfo don a raba mutane da ruwan tafki mai kwalara, aka kuwa rage gudawa, amma miliyoyin mutane suka koma shan gubar da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Don haka idan ka ga yaran unguwa guda duk haƙoransu sun yi jirwaye ruwan ƙasa, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan goro ko rashin asuwaki.

Abin mamaki, abubuwan da mutane suka fi ƙyama su ne masu sauƙin illa. Warin kulorin a ruwan famfo, wanda wasu ke cewa maganin hana haihuwa ne aka zuba, wannan magana ƙarya ce tsagwaronta: ma'aikatar ruwa ce ke sa shi don kashe ƙwayoyin cuta, kuma in an bar ruwan a buɗe na ɗan lokaci warin yakan ragu. Ruwan da ke yin ja-ja ya ɓata farin kaya, yawanci ƙarfe ne ya narke a ciki. Yana ɓata wanki da ɗanɗano fiye da yadda yake ɓata jiki. Labarin da ke yawo a WhatsApp cewa daskarar da ruwa a gorar roba yana fitar da guba mai jawo kansa shi ma ba shi da tushe. Zafi ne ke sa roba ta ɗan saki abin da ke cikinta, ba sanyi ba, shi ya sa tara fiya wata a rana ba dabara ba ce.

Game da dalma, a nan ma akwai gyara. Da aka gano gubar a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda yara sama da 400 suka rasu, mutane da yawa sun ɗauka ruwan sha ne kawai. Rijiyoyi da kududdufai sun gurɓata, gaskiya ne, saboda wanke ƙasar zinariya a gefensu. Amma babbar hanyar ita ce ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A birane kuma dalma takan shiga ruwa ne ta tsofaffin bututu, kamar yadda aka gani a garin Flint na Amurka daga 2014. Batun cewa masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna sakin dagwalon da ke ɗauke da kuromiyom, wannan ba jita-jita ba ce, masu noman rani a bakin kogin sun san kalar ruwan.

Alam da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi haske, amma kada a dogara da su wajen abin da ya riga ya narke. Tacewa da ƙyalle ma haka. Abin da ke raba gardama shi ne a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji, musamman sabuwar rijiya kafin a fara sha. In an sami fuloraid ko asenik ko naitiret da yawa, sai dai a sake mashaya, ko a nemi matatar da ke tura ruwa ta cikin tantani mai ƙananan ƙofofi, irin wadda kamfanonin ruwan gora ke amfani da ita. Mai shirin haƙa masai kuwa, ya nisanta shi da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya sa shi ta gangare, ba ta tudu ba.