Abin da ya kamata ku sani: koyon harshen Indonesiya ta hanyar namun daji

A watan Oktoban 2023, hukumar kare muhalli ta NESREA ta ƙone kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a nan Abuja, kayan da aka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri. Ɗankunya dabba ce mai sulke, ba ta da haƙori ko ɗaya, gara da tururuwa take ci, in ta ji tsoro sai ta dunƙule. Asiya ake kai ɓawonta don haɗa magungunan gargajiya, kuma dillalan sun juyo Afirka ne bayan na can sun yi ƙaranci. Indonesiya na cikin ƙasashen da wannan ɓarna ta fara shafa, kuma a can trenggiling suke ce mata. Ciwonmu ɗaya da su, shi ya sa nake ganin duk mai son koyon harshensu, dabbobin nan ne ƙofa mafi sauƙin shiga.

Harshen kansa ba zai ba Bahaushe wuya sosai ba. Da haruffan boko ake rubuta shi, kuma harafin c yadda muke furta shi haka su ma suke yi: cula, wato ƙahon karkanda. Aikatau ba ya sauya kama saboda jiya ko gobe. In ana son jam'i, sau da yawa sai a maimaita kalma: gajah giwa, gajah-gajah giwaye. Ga kuma gadon Larabci da muka yi tarayya a kai, irin su dunia, Selasa, Rabu da Jumat.

Inda aikin yake shi ne ɗafe-ɗafe, kuma a nan ne labaran daji ke taimakawa. Ɗauki tushen buru. Berburu shi ne yin farauta, pemburu mafarauci, perburuan kuwa harkar farautar baki ɗaya. Wanda ya san yadda muke fitar da mafarauci daga farauta ya riga ya gane dabarar. Labari guda a jaridarsu kan badak jawa, karkandar tsibirin Jawa, zai iya kawo maka kalmomin nan a jere, domin ba ta rage ko'ina a duniya ba sai a gandun Ujung Kulon, kuma waɗanda suka rage ba su kai 100 ba. Harimau, damisa mai ratsi-ratsi, ta ƙare ƙaf a Jawa da Bali, saura ta Sumatra. Nan za ka ci karo da punah, wato ƙarewar iri, da terancam punah, wadda ke bakin ƙarewa. Kalmar da ta zo da labari mai taɓa zuciya ba ta saurin fita daga kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sawit, kwakwar manja. Asalinta daga yankinmu na Afirka ta Yamma ne. A 1848 aka dasa 'yan tsirai 4 a lambun Bogor da ke Indonesiya. Yau Indonesiya ce kan gaba a duniya wajen samar da manja, kuma gonakin sun lashe dazuzzuka masu yawa a Sumatra da Kalimantan, mazaunin orangutan, babban birin nan mai jan gashi. Nau'insa na Tapanuli, wanda sai a 2017 masana suka tabbatar daban yake, kusan 800 ne suka rage. Mu da muke ta kiran a farfaɗo da noman manja, ya kamata mu iya karanta abin da ya sami Indonesiyawa daga bakinsu, ba sai ta hannun tafinta ba.

Mai son farawa ya nemi darussan BIPA, tsarin koyar da baƙi harshen, ya riƙa haɗawa da gajerun labaran muhalli. Akwai kuma tallafin karatu na Darmasiswa da gwamnatinsu ta fara a 1974, kuma ofishin jakadancin Indonesiya da ke Abuja ne wurin tambayar ko an buɗe shi da sharuɗɗansa. A dai sani, harshen jarida daban yake da na titin Jakarta, don haka sai an haɗa karatu da sauraro.