Ƙwalam Da Maƙulashe: Ƙofar Da Ƙiba Ke Shigowa

Jama'a, da yawanmu tuwon dare muke ɗora wa laifin ƙiba, alhali kuwa tun da hantsi ɓarnar take somawa. Ɗan kasuwa yana zaune a rumfa, mai tallan fanke ta gifta ya saya, mai gyaɗa ta zo ya taya, ya kora da lemon kwalba. Ma'aikaci kuma ga cincin a aljihun tebur, ga tsire in an tashi ofis. Duk wannan ba mu lissafa shi cikin abinci, amma jiki yana lissafawa, domin abin da bai ƙone wajen aiki ba, kitse yake mayar da shi.

Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali tara, ga shi ba ta kashe yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, wadda ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuwa ya kasa ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. To, wanda ya yini yana ciye-ciye, yaushe zai bar wa numfashi rabonsa?

Saboda haka mu tsayar wa abinci lokaci, mu musanya lemo da ruwa, fanke da gwaiba ko yalo. Lafiya amana ce, za a tambaye mu. Allah Ya sa mu dace, amin.