"Ba Shi Ji": Kalmar Ji da Ciwon Kunnen Yara a Wurno da Raba da Goronyo

Kalmar "ji" tana cikin kalmomin Hausa masu faɗin ma'ana. Da ita ake jin sauti, da ita ake jin harshe, watau gane shi, da ita kuma ake jin magana, watau yin biyayya. Saboda haka in uba a Wurno ko Raba ya ce ɗansa "ba shi ji", maganar tana da fuska biyu: ko yaron kangararre ne, ko kuwa kunnensa ne ba lafiya. Yawanci fuskar farko ake ɗauka, a ce kunnen ƙashi gare shi, a bi shi da karin maganar nan, jiki ya fi kunne ji.

Abin da muke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya, "ciwon kunne", likitoci sun rarraba shi. Akwai ciwon ramin kunne na waje, wanda ruwa ko sosawa da tsinke ke jawowa. Wannan ba baƙo ba ne ga yaran fadamun Rima masu wanka a magudanan noman rani na Wurno da na madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984. Akwai kuma ciwon da ke bayan dodon kunne. Tsakanin wurin nan da maƙogwaro akwai wata 'yar hanya, wadda a jikin ƙaramin yaro gajera ce, a kwance take. In mura ta kama shi, musamman da hunturu, ko hayaƙin murhu ya dame shi, sai hanyar ta toshe, mugunya ta taru, zazzaɓi da zogi su tashi. Wani lokaci dodon kunnen yakan fashe, mugunya ta fito, zogin ya lafa, iyaye su zaci an warke.

To, a nan haɗarin yake. Muddin hujin bai rufe ba, duk ruwan da ya shiga yana iya ta da ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa zubar da ta wuce mako 2 a cikin ciwo mai daɗewa. Ɗiga mai ko ruwan ganye a irin wannan kunne ƙari ne ga cuta. Abin da ya kamata shi ne a tsane mugunyar da tsumma mai tsabta, a kiyaye kunnen daga ruwa, a kai yaron asibiti, a kuma ƙarasa maganin da aka ba shi. In bayan kunne ya kumbura, ko wuya ya sanƙare, lalle ne a gaggauta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Allurar baƙon dauro da ta ciwon huhu kuwa suna rage aukuwarsa tun farko.

Mai nazarin harshe yana da ruwa da wannan al'amari, domin ciwon ya fi yawa a shekarun da yaro ke koyon magana. Hausa kuwa harshe ne mai bambanta kalmomi da ɗan abu kaɗan, kamar "bari" da "ɓari", ko "daidai" da "ɗaiɗai". Yaron da magana ke isowa gare shi dishi-dishi zai riƙa rikita irin waɗannan a shifta, a ɗauke shi daƙiƙi.

Saboda haka yana da kyau malaman kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu gwaji mai sauƙi. Malami ya tsaya bayan yaro, inda ba ya ganin leɓɓansa, ya faɗi kalmomi a hankali ta kowane kunne, ya sa shi ya maimaita. In ya kasa, a maido shi layin gaba, a kira uban a yi masa bayani. Kafin a ɗauki bulala a kan yaron da aka ce ba shi ji, wajibi ne a bincika wace "ji" ake nufi.