Wa Ke Bakin Aiki Da Tsakar Dare a Gidan Tsofaffi?

A watan Janairun 2010, hukumar CQC, wadda ke sa ido a kan asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a Ingila, ta duba wani gida mai suna Orchid View a yankin West Sussex, ta ba shi shaidar cewa yana da kyau. Ba a yi shekara biyu ba aka rufe shi. A 2013, jami'ar da ke binciken musabbabin mutuwa ta bi diddigin rasuwar mutum 19 da suka zauna a gidan, ta gano cewa sakaci na da hannu a biyar daga ciki. Akwai dattijuwar da aka riƙa ɗura wa ninki uku na maganin tsinka jini. Akwai waɗanda aka bari cikin ƙazanta, ƙararrawar neman taimako kuma an ajiye ta inda hannunsu ba ya kai. Wata ma'aikaciyar ofishin gidan ce ta tona asirin, bayan an umarce ta da ta lalata takardun magunguna. Ginin sabo ne fes, amma masu aikin sun yi kaɗan, da yawansu kuma ba su san aikin ba.

Wannan ya sa nake ganin duk ƙa'idar ingancin da ba ta fara da yawan ma'aikata da ƙwarewarsu ba, ta bar jaki tana dukan taiki. Dalilin yana cikin aikin kansa. Tsohon da ba ya iya tashi, sai an riƙa juya shi bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ta dunduniya ta mutu saboda dannewa, gyambo ya buɗe, wani lokaci har ƙashi. Juyawar nan sau da yawa aikin mutum biyu ne. Wadda shanyewar ɓarin jiki ya taɓa mata haɗiya, sai an zaunar da ita tsaye, a ba ta cokali ɗaya, a jira ta haɗiye, a duba bakinta, sannan a ƙara. In aka yi gaggawa abincin ya bi hanyar iska, ciwon huhu ya biyo baya. Mai ciwon mantuwa kuwa ba zai ce yana jin ƙishirwa ba, sai an miƙa masa kofi an tsaya a kansa. Duk waɗannan lokaci suke ci, lokaci kuma albashi ne, shi ya sa nan ne mai gida ke fara tsuke aljihu idan riba ta ja baya.

Hatta kariya daga gobara a kan mutane take komawa. A ƙarshen Janairun 2004 wuta ta tashi cikin dare a gidan Rosepark da ke Scotland, daga matsalar wayar lantarki a wani ɗan ɗakin ajiya, tsofaffi 14 suka rasu. Akwai na'urar gargaɗi, ta kuma yi ƙara. Amma masu aikin dare ba su samu horon da ya dace ba, suka shafe kimanin minti tara suna neman inda wutar take kafin a kira 'yan kwana-kwana, ƙofofin ɗakuna da dama kuma a buɗe, hayaƙi ya shiga.

Ostireliya ce ta ɗauki wannan magana da gaske. Babban kwamitin binciken da ta kafa a 2018 ya sanya wa rahotonsa na wucin gadi sunan da ke nufin sakaci, wani nazari da aka yi masa kuma ya nuna fiye da rabin mazauna gidajen suna inda ma'aikata ba su kai yadda ya kamata ba. Rahoton ƙarshe ya fito a 2021 da shawarwari 148. Daga Yulin 2023 doka ta wajabta a samu cikakkiyar ma'aikaciyar jinya a bakin aiki sa'a 24. Daga Oktoban shekarar aka sa ma'aunin minti 200 na kulawa ga kowane tsoho a rana, a matsakaicin lissafi, 40 daga ciki na ma'aikaciyar jinya. Bayan shekara guda aka ɗaga shi zuwa 215 da 44.

Masu suka suna cewa ba a auna tausayi da agogo, kuma mutum na iya cika minti 200 yana murtuke fuska. Gaskiya ne. Sai dai ma'aunin bai yi alkawarin kawo tausayi ba. Abin da yake hanawa shi ne a bar mace ɗaya, komai kirkinta, da dogon layin ɗakuna ita kaɗai har asuba. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi: ƙananan gidajen karkara ba sa samun ma'aikatan jinya, tsananta doka kuma na iya rufe su, tsoho ya koma gari mai nisa da danginsa. Ita ma Ostireliya ta san haka, ta ba irin waɗannan gidaje sassauci na wani lokaci, ta kuma ƙara albashin masu aikin da kashi 15 cikin ɗari a 2023. Wato amsar ita ce gwamnati ta biya, domin rashin ma'aikata ma ana biyan kuɗinsa, a gadon asibiti bayan an karya ƙugu ko gyambo ya ruɓe.

Ba ina cewa zuwan masu duba gidaje ba shi da amfani ba. Amma mai dubawa baƙo ne na yini ɗaya ko biyu, kuma binciken da aka yi wa hukumar CQC kanta a 2024 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da take da ikon dubawa ba a taɓa ba su maki ba. Jadawalin aiki da takardar albashi sun fi wuyar yi wa kwalliya. A ƙasarmu, inda har yanzu kai iyaye irin wannan gida abin kunya ne ga mafi yawan mutane, gidajen kuɗi sun fara bayyana a manyan birane kamar Legas da Abuja, an kuma kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2021. Duk ƙa'idar da za a rubuta musu, ya kamata ta fayyace mutum nawa za su kwana a bakin aiki, da irin horon da aka ba su.