Yadda Na Mayar Da Telegram Rimot Ɗin Mataimakina Na Rubuta Manhaja

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau zan yi magana ne a kan wani abu da na haɗa da hannuna, na ji daɗinsa, kuma ya jawo mini asara saboda gangancina. Wato yadda za ka haɗa bot a Telegram, ka riƙa ba wa mataimakin rubuta manhaja umarni daga wayarka, alhali kwamfutarka tana can gida a kan tebur.

Bari mu faro daga tushe. A shekarar 2025 manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka fito da wasu mataimaka na musamman. Anthropic ya fito da Claude Code, OpenAI ya kawo Codex CLI, Google kuma Gemini CLI. Bambancinsu da ChatGPT ɗin da kuka saba shi ne, wancan ka tambaye shi ne ya ba ka amsa, kai ka kwafa da kanka. Waɗannan kuwa a cikin kwamfutarka suke aiki, a wannan baƙin allon da ake rubuta umarni. Su buɗe fayil, su gyara, su goge, su gwada manhajar su ga ko ta tashi.

To ina matsalar? Aikin yakan ɗauki lokaci, kuma yana cikin yi sai ya tsaya ya tambaye ka, "In yi kaza?" Kai kuma ka tafi masallaci, ko kana cikin A Daidaita Sahu a go-sulo. Ka dawo bayan awa biyu ka tarar yana nan inda ka bar shi, yana jiran ka ce "e". Wannan ne ya sa na ce bari in nemo hanyar yi masa magana daga aljihuna.

Wani zai ce me ya hana WhatsApp? Shi WhatsApp sai ka bi ta tsarin 'yan kasuwa na Meta, da rajista da matakai masu yawa. A Telegram kuwa kyauta ne, kuma kafin shayinka ya huce ka gama.

Mataki na farko, ka nemo BotFather a Telegram, ka tabbatar mai shuɗin tambari ne. Ka tura masa /newbot. Zai tambaye ka sunan bot ɗin, sannan sunan da za a riƙa nemo shi da shi, wanda dole ya ƙare da "bot". Daga nan sai ya ba ka wani dogon layi na haruffa da lambobi. Su token suke ce masa, ni makulli nake kiransa, don duk wanda ya riƙe shi ya riƙe bot ɗinka.

Mataki na biyu, ka rubuta 'yar ƙaramar manhaja da za ta zauna a kwamfutarka tana karɓar saƙo. Ni da Python na yi, da taimakon python-telegram-bot. Hanya biyu ake karɓar saƙon. Ko dai Telegram ya riƙa kawo maka shi har ƙofa, wanda sai kana da adireshin intanet a buɗe mai HTTPS, ko kuma kwamfutarka ta riƙa leƙawa tana tambaya, "Akwai saƙo?" Ga mai kwamfutar gida, ta biyun ta fi sauƙi, ba sai ka buɗe wa duniya wata kafa ba.

Mataki na uku shi ne haɗa su. Misali Claude Code yana da umarnin claude -p, wanda za ka ba shi aiki sau ɗaya, ya yi, ya rubuto amsa, ya fita. To manhajarka sai ta ɗauki saƙon da ka turo, ta miƙa masa, ta karɓo amsar ta dawo maka da ita Telegram. In kana so ya tuna hirar da kuka yi a baya, sai ka ƙara masa --continue. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki, saƙon Telegram ba ya wuce haruffa 4096, shi kuma mataimakin nan akwai surutu. Don haka ka sa manhajar ta riƙa yayyanka doguwar amsa gida-gida.

Mataki na huɗu, kwamfutar ba za ta yi barci ba. Ka kashe mata barcin, ka tayar da bot ɗin a cikin tmux don kar ya mutu in ka rufe allon. Sauran kuma kun san halin da muke ciki: in aka ɗauke wuta batir ya ƙare, bot ya tafi hutu. Mai hali sai ya yi hayar ƙaramar saba a intanet ya ɗora komai a can.

To yanzu ga inda na ci ƙasa, kuma saboda shi ne ma na shirya shirin nan.

Shi wannan claude -p ba shi da damar tsayawa ya tambaye ka izini, don haka duk abin da ba ka halatta masa ba tun farko sai ya ƙi yi. Abin ya ishe ni, sai na kunna masa wani zaɓi mai suna --dangerously-skip-permissions. Ku dubi sunan fa, su da kansu sun rubuta "haɗari" a jikinsa. Ma'anarsa, yi duk abin da aka ce maka ba tambaya. Na kunna, abu ya riƙa tafiya sumul. Daɗi ya kwashe ni, na ɗauki hoton hirarmu na saka a wani guruf na abokai, da sunan bot ɗin ɓaro-ɓaro a sama.

Abin da na manta shi ne, bot ɗin Telegram ba shi da ƙyaure. Duk wanda ya san sunansa zai iya yi masa magana. Wani abokina, da wasa, ya tura masa cewa ya share fayilolin da ba su da amfani. Shi a zatonsa amsa kawai zai samu irin ta ChatGPT. Bot ɗina bai san muryar maigida ba, ya miƙa saƙon, mataimaki ya zage ya yi shara. A lokacin ina haɗa wa wani mai shago manhajar lissafin kaya. Abin da na riga na adana a Git ya dawo, amma aikin kwana biyu da ban adana ba ya tafi. Haka na kira mutumin nan ina ba shi haƙuri a kan alƙawarin da na saɓa. Laifin kuma ba na abokina ba ne, ba na na'ura ba ne. Ni na bar ƙofa a buɗe.

Saboda haka kafin ka tura wa bot ɗinka umarni ko ɗaya, ka yi waɗannan.

Na ɗaya, ka koya masa sanin maigidansa. Kowane asusun Telegram yana da lambar shaida da ba ta canzawa. Layin farko na manhajarka ya zama duba wannan lambar: in ba taka ba ce, ya yi shiru. Kar ka dogara da suna, don suna ana canza shi, wani ma ya ɗauka.

Na biyu, makullin nan kar ya shiga cikin rubutun manhajar. Ka ajiye shi a fayil na daban irin .env, ka hana Git ɗaukarsa, don kar wata rana ka tura shi GitHub. In kuwa ya fita, maza ka koma wurin BotFather ka tura /revoke ya ba ka sabo.

Na uku, ka yi wa mataimakin iyaka. Da --allowedTools za ka lissafa masa abin da ka yarda ya yi, misali karantawa da gyara fayil, ban da gogewa. In kuma dole sai ka sake masa mara, to ka kulle shi a cikin Docker, inda ko ya yi ɓarna ba za ta tsallako sauran kwamfutar ba.

Na huɗu, ya riƙa aiki a reshe na daban a Git, kai kuma ka adana aikinka kafin ka fita. Ni yanzu sai na ce ya fara rubuto mini tsarin abin da zai yi, in karanta, sannan in ce bismillah.

Na biyar, kar ka tura kalmar sirri ko bayanan kwastoma ta cikin hirar. Hira da bot ba ta da irin rufin da daga kai sai wanda ka tura wa, ta sabobin Telegram take bi. Sannan ka sa wa wayarka makulli, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Telegram, don yanzu wanda ya tsinci wayarka ya tsinci kwamfutarka.

Har yau ina amfani da bot ɗin nan. Jiya ma ina layin banki na sa shi ya gyara mini wani kuskure, kafin layi ya zo kaina ya gama, na dawo gida na duba aikin da idona kafin in karɓa. Haɗa shi aikin yamma ɗaya ne, amma don Allah ku fara da lambar shaidar nan kafin komai.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan duba in sha Allah. Wanda kuma ya san abokinsa na shirin haɗa irin wannan, ya tura masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.